Daga Kan Kuɓewa Zuwa Alƙalami: Yadda Ake Koya wa Ƙananan Yara Buga Hatimi

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ko kuwa mai kai dabbobi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba ya bukatar a yi masa bayanin mene ne hatimi. Ya san ƙararsa a kan teburin ƴan duwan, ya kuma san cewa takarda komai kyan rubutunta, idan babu hatimi a jikinta, to mota ba za ta ɗaga ba. Da yawa daga cikin iyayenmu da yayyenmu sun sha dangwala babban yatsa a ƙasan takardar da ba su iya karanta abin da ke cikinta ba, sai daga baya su ji cewa sun amince da abin da ba shi aka faɗa musu da baki ba.

To sai ga shi a wata ƙaramar makarantar share fage, irin wadda muka saba kira jardan, a wani gari da ke kan wannan hanya ta bakin iyaka, an mayar da hatimi abin koyar da yara ƴan shekara 3 zuwa 5. Abin da ya kai mu wurin kuwa shi ne ƙorafin wani mai saurarenmu, ɗan kasuwar hatsi, wanda ya kira gidan rediyonmu a cikin shirin iyali, ransa a ɓace. Ya ce kowane wata yana biyan kuɗin makaranta, amma ƴarsa ba ta dawo masa da komai sai hannu jawur da guntun kwali mai ɗige-ɗige, babu baƙi babu wasali. Ya tambaye mu shin karatu ya kai ta ko wasan ƙasa. Da yake masu iya magana sun ce gani ya kori ji, sai muka ɗauki na'urarmu muka nufi makarantar.

Abin da muka tarar

Makarantar rumfa ce ta zana a bayan kasuwa, sai ɗaki guda da ake ajiye kaya. Galibin yaran ƴaƴan mata ne masu sayar da abinci da kayan miya, da na ƴan tireda da ƴan dako, waɗanda a da can a gindin tebur suke wuni, tsakanin tukunyar mai da ƙafafun amalanke. Mun tarar an shimfiɗa tabarmi, an raba yaran gida-gida, kowane gida mutum biyar ko shida sun kewaye faranti uku. A cikin kowane faranti akwai tsumma da aka ninka aka jiƙa da launi: ɗaya ja, ɗaya rawaya, ɗaya baƙi. A tsakiya kuma ga ƙwarya cike da kan kuɓewa, da gutsuren albasa, da totuwar masara, da murfin kwalba, da guntayen tsohon silifa da aka yanka.

Malamar ba ta fara da dogon bayani ba. Ta ɗauki kan kuɓewa guda, ta nuna musu wajen yankan, ta dangwala a jan faranti, ta danna a kan kwali, ta ɗaga a hankali. Sai ga fure mai ɗakuna biyar ya fito kamar an zana shi da alƙalami. Yaran suka yi shewa, kowa ya kai hannu cikin ƙwarya. Na farko ya danna da ƙarfi har launin ya malale, furen ya ɓace. Na biyu ya taɓa sama-sama, rabi ya fito rabi bai fito ba. Wata yarinya ta danna sannan ta ja, sai ya zama dogon layi. Malamar ba ta tsawata wa kowa ba, sai dai ta riƙa tambayar kowane yaro me ya sa nasa ya fito haka. Kafin a yi minti goma, akasarinsu sun gano da kansu cewa sai an danna daidai, an tsaya kaɗan, sannan a ɗaga kai tsaye.

Daga nan ta ƙara musu aiki. Ta ce a jera fure ɗaya, zobe ɗaya, fure ɗaya, zobe ɗaya, har ƙarshen kwali, wato kuɓewa da murfin kwalba ke nan. Manyan cikinsu kuma ta ce su yi fure biyu, zobe ɗaya. Da aka gama, kowa ya ƙirga furanninsa da ƙarfi, aka shanya kwalayen a rana, aka jera yaran wajen buta da sabulu. Duka darasin bai wuce minti ashirin ba, domin a cewarta hankalin ɗan shekara 4 ba ya zama a kan abu guda fiye da haka.

Wasa ne ko karatu?

Mun maimaita wa malamar tambayar mai saurarenmu kamar yadda ya yi ta. Ta yi murmushi, ta kira wani yaro ɗan shekara 3 ta miƙa masa fensir. Yaron ya dunƙule shi da hannu gaba ɗaya kamar mai riƙon muciya. Ta karɓe ta ba shi kan kuɓewa, sai ya riƙe shi da yatsu uku, babba da manuni da na tsakiya, domin abin gajere ne, ba ya riƙuwa sai ta haka. Ta bayyana mana cewa waɗannan yatsu uku su ne na riƙon alƙalami, kuma yaron da ya saba aiki da su tun yanzu, ranar da ya shiga aji ɗaya na lakwal hannunsa ba zai yi saurin gajiya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na biyu shi ne nauyin hannu. Duk wanda ya taɓa duba littafin ɗan aji ɗaya ya ga yadda wasu ke huda takarda da bakin fensir, wasu kuma rubutunsu ba ya ganuwa. Hatimi yana nuna wa yaro sakamakon dannawarsa nan take, ba sai an faɗa masa ba. Na uku kuma shi ne jeri. Fure ɗaya zobe ɗaya da ake maimaitawa, shi ne tushen lissafi, domin yaro yana koyon ya hango abin da zai biyo baya. Mai kasa tumatir kashi-kashi, ko mai jera buhuna biyar-biyar don ƙirga ta zo da sauƙi, wannan ilimin yake aiki da shi ko bai sani ba. Bugu da ƙari, ana koya musu su fara daga gefe guda su bi layi har ƙarshe: daga hagu zuwa dama irin na boko, wata rana kuma daga dama zuwa hagu irin na allo, tun da kusan dukkansu da yamma makarantar allo suke tafiya.

Akwai kuma wani sirri na hatimi da ya ba mu sha'awa. Duk abin da aka sassaƙa, a juye yake fitowa. Malamar ta nuna mana guntun silifa da ta yanka harafin b a kansa, da ta buga sai ga d. Haka lambobi irin su 2 da 3 da 7, idan ba a juye aka yanka su ba, to a juye za su fito. Saboda haka da ƙananan takan fara da haruffan da gefensu biyu daidai suke, kamar A da O da T da H, manyan kuma ta bar su su yi ta mamakin b da d har su gane bambancinsu, wanda shi ne ke rikita yara da yawa a farkon karatu. Wannan ka'ida ita ce dai mai sassaƙa hatimin ofis yake bi a bakin tasha.

Koyar da ƙananan yara ta hanyar aikin hannu ba yau aka fara ba. Wani malami Bajamushe mai suna Friedrich Froebel shi ne ya raɗa wa irin wannan makaranta suna lambun yara a shekarar 1840, kuma daga fassarar wannan suna ta Faransanci muka samo kalmar jardan. A shekarar 1907 kuma likita Maria Montessori ta buɗe gidan yara na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum na Italiya, don ƴaƴan ma'aikatan da iyayensu ke fita nema tun safe. Wato dai irin yaranmu na kasuwa.

Sana'a ce mai asali

Masu ganin cewa wannan abu baƙo ne daga Turai, sai su tambayi ƴan uwanmu da ke zuwa Kumasi. A garin Ntonso, kimanin kilomita 20 daga Kumasi, har gobe ana buga zanen da Asante ke kira adinkra, kuma da hatimin ƙwarya ake buga shi. Ana samun ƙwarya mai kauri a yanka guntu, a sassaƙa alama a bayanta, a kafa mata ƴan tsinke a ɗaure su wuri guda su zama mariƙi. Tawadar kuwa daga ɓawon wata itaciya ake dafa ta, wadda suke kira badie, mu kuma muka sani da kirni, kuma daga arewacin Ghana ake kai musu ɓawon. Ana jiƙa shi, a daka, a dafa har ruwan ya yi baƙi ya yi kauri. Mai aiki yakan fara ja layuka da matsefin katako ya raba ƙyallen gida-gida, sannan ya cika kowane gida da alama guda yana maimaitawa.

Kowace alama da sunanta da ma'anarta. Akwai wadda ake kira Sankofa, tsuntsu mai waiwaye, wadda ke nufin komawa a ɗauko abin da aka bari a baya. Wani Baturen Ingila mai suna Thomas Bowdich ya samu irin wannan zane a Kumasi a shekarar 1817, kuma yana ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan. Wasu masana tarihi ma na ganin cewa hatimin layu da rubuce-rubucen da malamai da fataken goro suka shiga da su ƙasar Asante daga arewa sun yi tasiri a kan wasu daga cikin alamomin.

A nan gida ma, dukawanmu da ƙarfe mai alama a baki suke buga ado a jikin fata, ɗaya bayan ɗaya har jaka ko kube ya cika. Masu sassaƙar ƙwarya, da magina masu zanen bango irin na unguwar Birni a Damagaram, da masu zayyanar allo, duka maimaita alama suke yi bisa tsari. Ita kanta atamfar da muke saye da sayarwa, bugu ce, sai dai inji ne ke bugawa.

Kayan aiki suna cikin kasuwa

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne kusan babu abin da malamar ke saye. Tun daga rufe iyakar da Nijeriya ta yi a watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kowa ya san yadda aljihun mutanen bakin iyaka ya yi sanyi, kuma fentin yara na kanti ba kowane uba ne zai iya sayensa ba. Don haka ita da kanta take haɗa launukanta.

Ja daga zoɓo ne, a dafa shi da ruwa kaɗan ya yi kauri. Rawaya daga kurkum. Baƙi kuwa gawayi ne da aka daka aka tankaɗe, a dama da ruwan ƙaro, kamar dai tawadar allo. Jar ƙasa da farar ƙasa ma suna yi idan aka tace su. Don kada launin ya malale, takan zuba ɗan kunun sitaci ko na gari a ciki. Ta kuma nuna mana wani abin al'ajabi da yaran ke so: idan aka ɗiga ruwan kanwa kaɗan a cikin zoɓo, jan sai ya juye ya yi duhu ya koma wajen shuɗi da kore, kurkum kuma ya koma ja. Wannan ita kaɗai take yinsa, yaran na kallo.

Takarda kuwa kwalayen taliya ne da na sabulu da na shayi, waɗanda masu shaguna ke zubarwa ko su ƙona. Ana farke su a yi aiki da cikin. Abin bugawa kuma, ban da kuɓewa mai ba da fure, albasa tana ba da zobe cikin zobe, totuwar masara idan aka mirgina ta tana ba da zane kamar saƙar tabarma, dankali ana yanka shi biyu a sassaƙa tauraro ko dagi, ganyen mangwaro ko na kuka yana fito da jijiyoyinsa. Wanda ya fi daɗewa shi ne na tsohon silifa da na fasasshiyar ƙwarya, domin ana wankewa a ajiye.

Abin da ya kamata a kiyaye

To sai dai kowane allazi da nasa amanu. Mu kanmu mun ga ishara a gida. Bayan mun dawo daga wannan ziyara, sai muka ce bari mu gwada da namu yaran, muka karɓo garin rini a wajen wani mai shago ba tare da tambayar ko na mene ne ba. Kafin mu ankara ƙaramin ya kai hatimin baki, leɓensa ya rine, ya kama kuka yana tofarwa. Sai da muka garzaya da shi asibiti, aka wanke masa baki aka duba shi. Allah Ya taƙaita, amma ma'aikacin da ya karɓe mu ya yi mana faɗa sosai, kuma da gaskiyarsa. Laifinmu ne, domin malamar ta riga ta gaya mana ka'idarta: duk abin da yaro ɗan shekara 3 ya riƙe, a ɗauka cewa zai kai shi baki.

Saboda haka a nisanci galurar rini da ta fata, da fentin mota ko na gini, da baƙin rinin gashi wanda wasu ke haɗawa da lalle, domin yana iya ƙona fata. A nisanci baƙin garin cikin tsohon batir, wanda wasu ke shafe allon aji da shi. Kada a yi hatimi da ɗanyen rogo, musamman mai ɗaci, saboda gubar da ke cikinsa. Kada a tsinko ganyen tumfafiya, domin farin ruwanta idan ya shiga ido yana iya yi masa lahani, haka ma ƴaƴan bini-da-zugu. Barkono da attaruhu kuwa ba sai an faɗa ba. Takardar buhun siminti da kwalin maganin ƙwari ko na taki su ma a bar su. Wuƙa da reza a hannun babba kaɗai za su kasance, kuma a gama yanka tun kafin yara su zauna. Duk abin da ya yi ƙanƙanta har yaro zai iya haɗiye shi ko ya tura a hanci, kada ya shiga ƙwaryar.

Ƙorafin iyaye

Da muka watsa rahoton a rediyo, kira ya yi ta shigowa. Wata Hajiya mai sayar da kayan miya ta ce ita ba ta ga dalilin da za a yi wasa da abinci a wannan zamani na tsada ba. Maganarta abin dubawa ce, kuma mun kai wa malamar. Amsar da ta bayar ita ce ba ta taɓa yanka lafiyayyar kuɓewa don wannan aiki ba. Kan da masu abinci ke yankewa su zubar shi take bi tana tarawa, sai wadda ta tsufa ta yi tauri, da albasa ko dankalin da ya fara lalacewa a gefe. Bayan an gama kuma, tun da launin na zoɓo ne da kurkum, awaki ke cinye sauran.

Wani dattijo kuma ya nuna damuwa kan koya wa yara zana surar abu mai rai. A wannan makaranta dai ba mu ga an buga mutum ko dabba ba. Furanni ne da taurari da zobba da dagi da haruffa, irin adon da ke jikin hulunanmu da ƙofofin gidajenmu. Masu kukan ɓacin tufafi su ma an ba su shawarar su ware wa yaro tsohuwar riga guda, domin kurkum idan ya kama ƙyalle ba ya saurin fita.

Ina aka tsaya?

A takarda dai hukumomi sun yarda da muhimmancin wannan mataki. Dokar tsarin ilimi ta Nijar ta ranar 1 ga Yunin 1998 ta sanya karatun share fage cikin ilimin tushe. A Nijeriya dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, Ghana kuma a dokarta ta 2008 ta mayar da shekara 2 na share fage wani ɓangare na karatun tushe. Amma duk mai yawon kasuwanni ya san cewa galibin irin waɗannan makarantu a manyan birane suke, kuma masu kyan na masu hali ne. Yaron ƙauye da ɗan mai talla, sau da yawa ranar da ya shiga aji ɗaya ita ce ranar da ya fara riƙe fensir, a cikin ajin da mushe guda ke fama da yara masu yawan gaske. Daga nan ake fara barin wasu a baya, har su gaji su koma dako ko talla.

A nan ne muke ganin ƴan kasuwa na da abin yi, ba tare da jiran kowa ba. Mai shago ya ware kwalayensa masu tsabta maimakon ya ƙona su. Mai kayan miya ta tara kan kuɓewa. Gyartai da baduku da mai sassaƙa hatimi su ba da sa'a guda su yanka wa makarantar unguwarsu alamomi goma da za su shekara ana aiki da su. Shugabannin kasuwa kuma su duba yiwuwar ware rumfa guda mai inuwa, da randar ruwa da sabulu, da ɗan abin hasafi ga macen da za ta kula da yaran ranar kasuwa. Da yayyafi kogi kan cika. Inda babu makaranta ma, uwa ko yaya na iya yin wannan a tsakar gida da faranti guda da tsumma.

Shi kuwa mai saurarenmu ɗan kasuwar hatsi, mun roƙe shi ya je ya gani da idonsa, ya kuwa je. Da muka sake haɗuwa da shi a rumfarsa, bai ce mana ya sauya ra'ayi gaba ɗaya ba, domin har yanzu yana son ya ji ƴarsa na karanta baƙi da wasali, kuma haƙƙinsa ne ya nema. Amma mun lura ya kafe kwalin nan mai ɗige-ɗige da ƙusa a jikin ginshiƙi, kusa da inda yake rataye rasiɗansa. Ya ce mana ranar nan yarinyar ta zo ta tsaya tana ƙirga masa buhuna, biyu na gero ɗaya na dawa, biyu na gero ɗaya na dawa, har ta nuna masa inda ɗan dako ya saɓa jeri.

Fatanmu shi ne yaran da ke buga hatimin kuɓewa a yau, gobe idan aka miƙo musu takarda a bakin iyaka, su karanta ta daga sama har ƙasa kafin su sa hannu. Allah Ya raya mana su, Ya kuma ba mu ikon sauke nauyinsu.